Yadda Gizo Ya Shiga Aji: Tarihin Tatsuniya a Makarantunmu

 Yau ina so mu waiwayi wani abu da muka taso da shi, wanda yake neman kuɓuce mana muna ji muna gani, wato tatsuniya da kuma yadda aka yi ta shiga makarantar boko.

Abin da ya jawo wannan rubutu ƙarami ne. Ran nan da yamma ina zaune a shagon Baba ina ɗinke bakin buhunan citta, sai ga ƙanena ɗan aji huɗu ya zo da littafinsa na Turanci wai in taya shi aikin gida. Na ce ya karanta mini. Ya karanta layi uku tiryan-tiryan, amma da na tambaye shi me labarin yake cewa sai ya yi zuru. Ashe hadda ce ya yi. Don in ɗan sake masa rai sai na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Wallahi yaron nan kallona kawai ya yi. Bai san ana amsawa da "Ta zo mu ji ta" ba. A nan jikina ya yi sanyi, domin ni a shekarunsa na san Gizo da Ƙoƙi kamar maƙwabtanmu ne.

Kakanmu daga wajen Zariya ya taso, ya biyo hanyar jirgin ƙasa yana fataucin gishiri da kanwa, har Allah ya zaunar da shi a ƙasar Bajju, mutanen da Hausawa suka saba kira Kaje. Matarsa, wadda muke kira Iya, ita ce makarantarmu ta farko. Bayan sallar isha'i, in an ci tuwo an wanke hannu, sai mu kewaye ta a tsakar gida, har da 'ya'yan maƙwabtanmu Bajju da suke tsallako danga. Ba ta taɓa yarda ta yi mana tatsuniya da rana ba, cewa take wanda ya yi zai ɓata. Sai da na girma na gane dabara ce ta kada mu bar aike da ɗiban ruwa mu zauna hira. Rikicin bayan zaɓe na watan Afrilun 2011, wanda ya ci rayuka da dukiyar Musulmi da Kirista a wannan yanki, shi ya tarwatsa wannan zama. Muka yi watanni a gidan dangi, da muka dawo kuma an daina barin yara su fita da dare. Iya ta rasu bayan 'yan shekaru, ta tafi da abin da ke kanta. Ƙanena bai riske ta da wayo ba.

Wannan ne ya sa na shiga bincike a 'yan littattafan da na samu, kuma abin da na gano ya ba ni mamaki. Ashe mutane irinmu, Hausawan da ke zaune nesa da Kano da Katsina, suna da hannu babba a cikin yadda tatsuniya ta fara hawa takarda.

Mu fara da Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga wajen Damagaram da aka kama aka sayar bawa, daga baya aka 'yanta shi, ya bi Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ya ji yana ƙarami, shi kuma yana rubutawa. Daga cikin wannan aiki aka samu littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo gida, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909. A can ya rasu a 1912. Mai karatu ka duba, yaron da aka raba da iyayensa bai tafi da komai ba sai harshensa da tatsuniyoyin gidansu, kuma su ne suka zama jarinsa a ƙasar Turawa.

Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, jami'ansu suna bukatar su iya Hausa domin akwai jarrabawa a kanta. Burdon, Razdan na Sakkwato, ya sa malamai sun rubuta labarai da ajami, ya miƙa wa Frank Edgar, shi kuma ya ƙara da nasa ya juya su zuwa boko. Aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku a birnin Belfas tsakanin 1911 da 1913. A wancan gefen kuma, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, wani Bature mai suna Rattray ya samu wani malamin zango, Malam Shaihu, ya rubuta masa tatsuniyoyi da al'adu da ajami, aka buga a 1913.

Sai kuma wanda ya fi shafarmu. A shekarun 1908 da 1909 wani jami'i haifaffen Ostireliya mai suna Tremearne ya yi aiki a Jama'an Daroro, tsohuwar hedikwatar masarautar Jama'a, tun kafin jirgin ƙasa ya haɗe a Kafanchan a 1927, kafin kuma fadar sarki ta koma can a 1933. A wannan zama ya tattara tatsuniyoyi masu yawa daga bakin Hausawan wurin. Ya fara fitar da hamsin a wata mujalla ta Ingila, sannan a 1913 ya buga littafin Hausa Superstitions and Customs mai ɗauke da tatsuniyoyi ɗari. Ya mutu a fagen daga a Faransa a 1915. Ba zan ɓoye ba, mutumin nan ya kuma rubuta wani littafi a 1912 a kan mutanen Kagoro da maƙwabtansu, wanda tun daga sunansa cin mutunci ne, irin kallon raini da 'yan mulkin mallaka suke yi wa baƙar fata. Amma duk da haka, abin da ya tattara shaida ne cewa fiye da shekara ɗari da suka wuce ana yin Gizo da Kura da Dodo a gindin waɗannan duwatsu namu. Ba baƙon abu ba ne a nan.

To amma duk waɗannan littattafai don Turawa aka yi su. Yaron Bahaushe bai gan su a aji ba. Shigar labari cikin aji sai da aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, daga baya ta zama Hukumar Talifi. Matsalar da East ya tarar ita ce an koya wa yara haɗa baƙi da wasali, amma babu abin karantawa mai daɗi da zai sa su ci gaba. A 1933 ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Ya sha wuya, domin malamai da yawa suna ganin ƙaga labari aikin mata da yara ne, bai dace da mai ilimi ba. Duk da haka aka samu waɗanda suka amsa, aka fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East. Sunan Ruwan Bagaja kansa daga tatsuniya aka ɗauko shi, wadda Iya take yi mana ta 'yar bora da 'yar mowa.

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, malami ne a Midil ta Katsina a lokacin. East ya ga hazaƙarsa, sai ya nemi a ba da aronsa. A 1936 ya zo Zariya, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Turawa da mutanen Indiya, ya zauna kimanin wata shida yana karantawa yana sake ƙera su da Hausa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga daga 1937 zuwa 1939. Gwanintar Imam ita ce bai bar labarin baƙo da rigarsa ta baƙunta ba. Sai ya sa masa rawani, ya ba shi sunan gida, ya zaunar da shi a kasuwa ko a fada, har mai karatu ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Tun daga lokacin littafin nan yake yawo a makarantun Arewa, kuma iyayenmu da yawa a cikinsa suka fara jin daɗin karatu.

A nan akwai wani zare mai tsawo da ya kamata mu bi. Akun nan na Magana Jari Ce, wanda yake tsare ɗan sarki da labarai don kada ya fita, yana da kakanni a Indiya, inda akwai tsohon littafi na labarai saba'in da wani aku yake bayarwa dare bayan dare don ya hana uwar gidansa fita. Haka kuma Kalila wa Dimna da malamanmu na zaure suka sani, Ibn al-Muƙaffa ne ya fassara shi zuwa Larabci a ƙarni na 8 daga Farisanci, asalinsa kuwa littafin Indiya ne mai suna Panchatantra. Shi wannan littafi an gina shi ne a kan wani sarki da 'ya'yansa uku suka ƙi karatu, sai wani tsohon malami ya ɗauki alkawarin koya musu hikimar mulki ta hanyar labaran dabbobi. Ke nan koyar da yara da tatsuniya tsohuwar dabara ce ƙwarai.

A kudancin Indiya akwai jihar Karnataka, masu magana da harshen Kannada. Tun a ƙarni na 11 wani marubucinsu mai suna Durgasimha ya juya Panchatantra zuwa harshensu. A zamaninmu kuma wani masaninsu, A. K. Ramanujan, ya yi shekaru yana tattara tatsuniyoyin Kannada daga bakin mata da tsofaffi, aka buga su a 1997 bayan rasuwarsa. Ya ce su a wajensu lokacin cin abinci ake yi wa yara tatsuniya, kaka tana ba da labari tana ɗura musu loma. A cikin waɗanda ya tattara akwai ta wata mata da ta san labari ɗaya da waƙa ɗaya amma ta ƙi faɗa wa kowa. Da suka gaji da ƙunci a cikinta, sai suka fice tana barci, labarin ya zama takalmin namiji a bakin ƙofa, waƙar ta zama riga a rataye, mijinta ya dawo ya gani, rigima ta tashi a gidan. Da na karanta wannan sai na tuna da tsofaffinmu da suka yi shiru tun 2011.

Mu dawo gida. A nan kudancin Zariya na da, makarantun boko na farko yawancinsu na mishan ne, irin su SIM da Katolika. Da Hausa suka yi ta wa'azi da koyar da karatu, musamman bayan an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Saboda haka dattawan Bajju da Atyap da Kagoro da yawa da Hausa suka fara haɗa baƙi, kuma har gobe za ka samu tsoho a coci wanda ya fi ɗan Bahaushe na yanzu iya karanta Hausa. A makarantun En'e kuma akwai su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, masu gajerun labarai da yaro zai iya gamawa a zama ɗaya.

Wanda ya ɗauko tatsuniyar tsakar gida tsantsarta ya kai ta aji shi ne Ibrahim Yaro Yahaya, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayero ta Kano. A farkon shekarun 1970 ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi na ɗaya zuwa na shida, domin 'yan firamare. A cikinsu yaro zai ga irin abin da kakarsa take faɗa da dare an rubuta shi da tawada, da waƙoƙinsa da komai. Wannan ya zo daidai da lokacin da makarantu suka cika, domin a 1976 aka fara shirin UPE na ilimin firamare kyauta, a 1977 kuma manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro a shekarun farko da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankin. A ƙasar Yarbawa ma Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, kuma sakamakon ya nuna ba su baro a baya ba ko a Turancin kansa. Talabijin ma ta taimaka, domin a 1984 NTA ta fara shirin Tales by Moonlight, wanda yayyenmu suke ba mu labarin yadda ake cika ɗakin mai talabijin saboda shi.

To me ya faru? A ganina abubuwa ne suka taru. Littattafan sun yi wuyar samu, aji ya cika har malami ba ya iya jin muryar kowane yaro. Makarantun kuɗi suka yawaita, kuma abin da suke tallatawa shi ne yaro zai fito yana Turanci. Ni kaina a wata makaranta da na yi, akwai tarar da ake ci duk wanda aka kama yana Hausa ko Jju a aji. A gida kuma finafinai da wayar hannu suka karɓe lokacin bayan isha'i. Ta fuskar gwamnati ma magana ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 2022 aka amince da manufar koyarwa da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke ta, aka ce Turanci ne harshen koyarwa.

Gaskiya kuma ko ba a soke ba, mu a nan akwai tambayar da sai mun amsa: harshen uwar wa? A aji ɗaya a Fadan Kaje za ka samu mai Jju da mai Hausa da mai Fulatanci da mai Tyap. Hausa ce kowa yake ji, amma mu sani cewa wasu maƙwabtanmu suna tsoron ta haɗiye harshensu, kuma tarihin mulkin Zazzau da Jama'a a wannan yanki bai bar musu daɗi a baki ba. In muka ce a kawo Gizo aji amma ba mu tambayi yaron Bajju abin da kakarsa take faɗa ba, to mun ƙara fami ne a tsohon miki. Misali mai kyau shi ne Dakta Bukar Usman, mutumin Biu, wanda ya tattara tatsuniyoyi ya fitar da Taskar Tatsuniyoyi da Hausa alhali shi ba Bahaushe ba ne. Harshen ya zama masa kwando, ya zuba kayan gidansu a ciki.

Akwai kuma masu cewa tatsuniya ƙarya ce, bai kamata a ɓata lokacin yara da ita ba. Wannan ita ce maganar da East ya ji tun 1933. Amsata ita ce, mai tatsuniya ba ya yaudarar kowa. Tun daga buɗewa yaro ya san an shiga duniyar Gizo, a rufewa kuma ana cewa "Ƙurunƙus kan kusu," a jingina ƙaryar ga Gizo. Malamanmu kuma ba su ƙi karanta Kalila wa Dimna ba don dila yana magana a ciki.

Bayan abin da ya faru da ƙanena, na fara tara yara a zauren gidanmu ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar, don yanzu iyaye ba sa son fitar dare. Iya ta yafe mini karya dokarta. Yara goma sha ɗaya ne, huɗu daga ciki 'ya'yan maƙwabtanmu Bajju. Na fara da ta Gizo da giwa da dorina, wadda a lokacin yunwa ya ci bashin hatsi a wajen kowaccensu da alkawarin zai biya da doki. Da na kai inda lokacin biya ya yi sai na tsaya, na ce kowa ya faɗi yadda Gizo zai kuɓuta. Nan fa zaure ya kaure, har wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce ya haɗa su faɗa. Na ce to ai kin gano, na ƙarasa musu yadda ya ba kowacce bakin igiya ɗaya ya ce dokinta yana ɗaya bakin, suka wuni suna jan juna. Daga nan na rubuta kalmomi biyar a allo: gizo, giwa, dorina, igiya, bashi. Kowa ya kwafa, ya zana hoton ɗaya, muka nemi sunansu da Turanci, yaran Bajju kuma suka faɗa mana da Jju, mu ma muka zama ɗalibai. A ƙarshe na tambaye su, shin Gizo ya kyauta? Ɗan gidan mai shago ne ya fara cewa a'a, wanda ya ci bashi ya biya.

Sati na gaba na ce kowa ya je ya roƙi wata tsohuwa a gidansu ta ba shi guda ɗaya. Bakwai suka dawo da labari. Ƙanena, da yake ba mu da Iya, wajen wata tsohuwa maƙwabciyarmu ya je, ya dawo da rabin labari ya manta ƙarshensa, dole ya sake komawa. Yanzu yana iya rubuta layi huɗu ko biyar da Hausa a kan abin da ya ji, kuma in ya karanta na Turanci yakan tsaya ya tambaye ni ma'ana, abin da da ba ya yi. Ban ce na gano maganin matsalar ilimi ba, ni da ko jami'a ban je ba. Abin da na gani da idona kawai na faɗa.

Roƙona ga 'yan uwa shi ne, duk wanda yake da tsohuwa a gida ya ɗauki wayar nan da muke kallon finafinai da ita ya naɗi muryarta tun tana raye, ya rubuta abin da ya samu a littafi. Malaman firamare da na Islamiyya da ke cikinmu su gwada ko minti goma sha biyar ne a sati. Wanda kuma yake da tsohon kwafin Tatsuniyoyi da Wasanni ko Magana Jari Ce a ƙasan akwati, ya fito da shi ya ba yara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni dai ina neman littafi na uku da na biyar na Ibrahim Yaro Yahaya, duk wanda yake da su ya taimaka mini da aro, zan mayar.

Allah ya jiƙan Iya da sauran magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a.